Ra'ayinmu: Muryar taro tana cikin waya, amma wa zai iya nemo ta?

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan da wuya a yi wani zama na 'yan kasuwa a bakin iyaka ba a ga wani ya ajiye wayarsa a kan tabarma yana naɗar abin da ake faɗa ba. Ko zaman raba riba ne, ko sasanta dillali da mai kaya, ko taron ƙungiya kan kuɗin dako da kuɗin sito, sai ka ji an ce "a ɗauka a waya, don gudun gardama." Wannan al'ada ta samu gindin zama a Gallabat da Gadarif kamar yadda ta samu a Jibiya da Illela da Maigatari, kuma a ganinmu abu ne mai kyau. Sai dai akwai wata matsala da ba a cika magana a kanta ba, alhali tana jawo asarar dukiya da ɓacin zumunci. Matsalar kuwa ita ce, ranar da gardamar ta taso, sau da yawa ba a iya gano muryar da ake nema a cikin ɗaruruwan muryoyin da suka taru a waya.

A ɗauka wasu abokan ciniki uku sun haɗa jari sun sayi riɗi a kakar bara, suka zauna da mai masaukinsu suka yanke yadda za a raba riba da wanda zai ɗauki asarar buhunan da suka lalace a hanya. Bayan wata takwas sai saɓani ya shiga. Kowa ya san an naɗi zaman. Aka buɗe waya, sai ga jerin muryoyi, kowace da sunan da wayar ta ba ta da kanta, wato lambobin shekara da wata da rana da sa'a. Babu wanda ya tuna ranar a cikinsu. Abin da suka tuna shi ne, an yi zaman a rumfar mai shayi, bayan La'asar, ranar da motar albasa ta maƙale a kan gada, kuma wani baƙo daga Gondar yana zaune a gefen ƙofa. Duk waɗannan alamomi na gaskiya ne, amma waya ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ita da kwanan wata take ajiya, shi kuwa mutum da abin da ya faru yake tunawa. A nan ne gizo yake saƙar.

Wannan ba sakacin ɗan kasuwa ba ne, haka aka halicci ƙwaƙwalwar ɗan Adam, kuma masana sun daɗe da gwada hakan. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Wagenaar ya shafe shekara 6 yana rubuta abubuwan da suke faruwa da shi, har ya tara kimanin 2,400. Kowane abu yakan rubuta masa amsar tambayoyi huɗu: da wa aka yi, me aka yi, a ina, kuma yaushe. Daga baya ya riƙa jarraba kansa, a ba shi amsa ɗaya ya nemo sauran. Sakamakon da ya buga a 1986 ya nuna cewa "me aka yi" ita ce alamar da ta fi tayar masa da tunani, ita kuwa "yaushe" ita ce mafi rauni, in an ba shi ita kaɗai kusan ba ta tsinana masa komai. Haka kuma ya gano cewa idan aka haɗa alamomi biyu ko uku, abin yakan dawo masa da sauƙi. Ke nan alamar da ta fi kowace rauni a wajen mutum, ita ce wayoyinmu suke jingina komai a kanta.

Kakanninmu ba su karanta wannan bincike ba, amma sun san haka. Shi ya sa suke sa wa shekaru suna maimakon lamba. A ƙasar Hausa tsofaffi sun riƙe yunwar 1914 da sunan Kakalaba, mutanen Nijar kuma suna kiran yunwar 1984 da sunan El Buhari. A nan Sudan har gobe ana ambaton Sanat Sitta, wato yunwar shekara ta 1306 bayan Hijira, wadda ta zo daidai da 1888 zuwa 1889, shekarar da aka gwabza yaƙin Gallabat tsakanin rundunar Mahadiyya da ta Habasha, inda Sarki Yohannes na Huɗu ya rasa ransa a watan Maris na 1889. Ka tambayi dattijo shekarar da aka haife shi ya yi shiru, amma ka tambaye shi abin da ya faru a shekarar, sai ya kwashe maka labari tiryan-tiryan.

In ma a wani wuri kwanan wata yana da ɗan amfani wajen nemo abu, to a Gallabat amfaninsa ya ƙara raguwa, domin gari ne da lissafin kwanaki uku suke haɗuwa. Hukuma da waya suna bin lissafin Miladiyya, mu a harkar ibada da bukukuwa muna bin na Hijira, maƙwabtanmu na Matamma kuma, da gada kawai ta raba mu da su, suna da nasu lissafin mai wata 13, wanda shekararsa take farawa a watan Satumba, kuma yana bayan na Miladiyya da shekara 7 zuwa 8. A Satumbar 2007 ne suka shiga shekararsu ta 2000. Agogo ma haka yake. Mutumin Habasha yana fara ƙirga sa'o'insa ne daga fitowar rana, saboda haka abin da agogon Bature yake kira ƙarfe 7 na safe, shi ƙarfe 1 yake ce masa. Bugu da ƙari, tun watan Nuwamba na 2017 agogon Sudan yana bayan na Habasha da sa'a guda. Idan abokin cinikinka na Matamma ya ce muku an zauna da ƙarfe 3 na safe, to a agogon Gallabat ƙarfe 8 ke nan. Wanda zai nemi murya da kwanan wata da sa'a a irin wannan wuri, ya ɗauko wa kansa aiki.

Masu ƙera na'urori sun lura da wannan giɓi tun tuni. A 1994 wasu masu bincike biyu na kamfanin Xerox a birnin Kambirij na Ingila, Mik Lamming da Mike Flynn, sun gwada wata 'yar na'ura da suka kira Forget-me-not, wadda take lura da inda mutum yake da mutanen da yake tare da su, domin daga baya ya nemo takarda ko zance ta hanyar tuna wanda ya haɗu da shi da wurin da suka haɗu. A 2004 kuma wasu masu bincike na kamfanin Fuji Xerox a Japan sun gabatar da wani tsari na nemo bidiyon tarurrukan da suka wuce ta hanyar abubuwan da mahalarta suke tunawa da gani, kamar fasalin ɗakin da wurin da kowa ya zauna. Manufarsu duka ɗaya ce, a sa na'ura ta bi hanyar da mutum yake bi wajen tunawa.

To amma kada ɗan kasuwar bakin iyaka ya zauna jiran wannan fasaha ta iso rumfarsa. Gaskiya ne a yau akwai manhajojin da suke mayar da magana rubutu har a iya binciken kalma a ciki, kuma suna aiki sosai da Turanci. A ƙarshen 2024 WhatsApp ya fito da irin wannan tsari na rubuta saƙon murya, amma a jerin harsunan da ya fito da su babu Hausa, babu Amharanci. Ko da an sa su, zaman 'yan kasuwar Gallabat ba da harshe ɗaya ake yin sa ba. A jimla guda sai mutum ya fara da Hausa, ya faɗi farashi da Larabcin Sudan, ya juya ya tabbatar wa abokinsa da Amharanci, ga ƙarar janareta, ga hon ɗin manyan motoci. Ga kuma matsalar layi, wadda duk wanda yake Sudan a watan Fabrairu na 2024, lokacin da intanet ta ɗauke a mafi yawan ƙasar, ba ya bukatar a ba shi labari. Don haka aikin da na'ura ba ta yi mana, mu ne za mu yi da hannunmu, kuma ba aiki ne mai wuya ba.

Kafin mu faɗi yadda za a yi, akwai wani gargaɗi da ya zama wajibi. Tunanin mutum yana da kyau wajen kai ka ga muryar da kake nema, amma ba shi da tabbas wajen faɗin ainihin abin da aka ce a cikinta. Mafi shaharar misali a kan haka ya faru ne a Amurka. A watan Yuni na 1973 John Dean, wanda ya yi wa Shugaba Richard Nixon aikin lauya a fadar gwamnati, ya ba da shaida a gaban kwamitin Majalisar Dattawa kan badaƙalar Watergate. Ya zayyana tarurrukansa da shugaban dalla-dalla har mutane suka riƙa mamakin kaifin tunaninsa. Wata guda bayan haka sai ta bayyana cewa ashe ana naɗar duk maganganun da ake yi a ofishin shugaban a asirce. Da masanin nan Ulric Neisser ya gwada shaidar Dean da abin da yake cikin faya-fayan, a binciken da ya buga a 1981, sai ya tarar cewa Dean ya yi daidai a kan gundarin lamarin, amma ya yi kurakurai da yawa a kan wanda ya faɗi me, da kuma a wane zama aka faɗa. Yakan ɗauko maganar wani zama ya kai ta wani, kuma yakan tuna rawar da ya taka fiye da yadda take. Ba ƙarya ya shirya ba, haka ya tuna.

Darasin da yake ciki ga 'yan kasuwa a fili yake. Idan abokin cinikinka ya rantse cewa ga abin da aka ce, kai ma ka rantse cewa ba haka ba ne, mai yiwuwa ne babu maƙaryaci a cikinku. Kowa ya riƙe ɓangaren da ya fi shafarsa. A bakin iyaka kuwa ƙofofin ruɗani suna da yawa. Guntar ɗin da ake auna riɗi da shi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif kimanin kilo 45 ne, shi kuwa kuntal na Habasha kilo 100 ne, ga sunayen sun yi kama a kunne. Kuɗi ma haka. Tun da aka canza kuɗin Sudan a 2007, aka mayar da dinari 100 fam guda, wanda ya yi daidai da tsohon fam 1,000, mutane da yawa suka ci gaba da cewa "miliyan" suna nufin dubu. Idan aka ƙara da cewa darajar fam ta faɗi warwas tun daga 2021, ita ma bir ta Habasha ta faɗi bayan da aka sake ta ga kasuwa a watan Yuli na 2024, za a ga cewa bashin da ba a fayyace da wane kuɗi za a biya shi ba, kuma a kan wane canji, rigima ce aka ajiye wa gobe.

Ba 'yan kasuwa kaɗai wannan cuta take kamawa ba, har gwamnatoci. Iyakar da muke zaune a kanta ta samo asali ne daga yarjejeniyar 1902 tsakanin Ingila da Sarki Menelik na Biyu, da kuma alamomin da Manjo Charles Gwynn ya kafa a 1903, waɗanda har yau ɓangarorin biyu suke saɓani a kan yadda aka kafa su. A 2008 an cimma wata fahimta kan yankin Fashaga, inda Habasha ta amince da iyakar, Sudan kuma ta bar manoman Habasha su ci gaba da nomansu. Da shugabannin da suka ƙulla wannan fahimta suka gushe, Meles Zenawi ya rasu a 2012, Umar al-Bashir ya faɗi a 2019, sai wasu suka ce ba da su aka yi ba, kowane ɓangare ya riƙa ba da nasa labarin abin da aka amince. A ƙarshen 2020 rikici ya dawo. Wa ya sha wahalar? 'Yan kasuwar Gallabat suna cikin na gaba-gaba, domin an rufe mashigar a watan Yuni na 2022 kafin a buɗe ta a watan Yuli, an kuma sake rufe ta a Satumbar 2024 saboda faɗan da ya ɓarke a ɓangaren Matamma. Duk maganar da take zaune a kan mutanen da suka halarci zama kawai, ranar da suka tafi ta tafi da su.

Wannan batu ya ƙara muhimmanci tun bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu na 2023. Dubban mutane sun bi ta Gallabat sun tsallaka, abokan ciniki sun warwatsu, wasu suna Bur Sudan, wasu suna Adis Ababa, wasu sun koma Kano ko Maraɗi, wasu kuma Allah Ya yi musu rasuwa. Magadan mamaci ba su halarci zaman da mahaifinsu ya yi ba, ba su san rumfar ba, ba su ga motar albasa ba. In an miƙa musu wayarsa da muryoyi 500 marasa suna, an ba su haƙƙinsu ne a cikin akwatin da babu mabuɗi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da sarakunan dillalai, da masu masauki, da duk wanda ake zama a rumfarsa, da su ɗauki waɗannan matakai. Na farko, da zarar an danna waya, kafin a shiga magana, wani ya buɗe da bayani a bayyane: ga wurin da muke, ga waɗanda suke zaune, kowa ya faɗi sunansa da bakinsa, ga maganar da ta tara mu, ga kuma wani abin da ya faru yau ko a wannan mako da kowa zai tuna, ko saukar ruwan farko ne, ko jajibirin Sallah, ko ranar da aka buɗe gada. Sannan a faɗi kwanan wata da lissafin ɓangarorin biyu.

Na biyu, kafin a tashi a canza wa muryar suna. Kowace waya tana ba da damar haka, kuma bai fi aikin minti ɗaya ba. A sa sunan kayan, da na mutanen, da na wurin, misali "riɗin kaka, mu uku da mai masauki, rumfar shayi." Wanda bai iya ba ya sa yaronsa ya yi masa a gabansa.

Na uku, kowace ƙungiya ta tanadi littafi guda na musamman. Ba sai an rubuta duk abin da aka faɗa ba, layi ɗaya ya isa ga kowane zama: da wa, a kan me, a ina, me ya faru a ranar, a wayar wa muryar take, kuma a minti na nawa aka yanke magana. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin zaman sa'a biyu yawancinsa gaisuwa ce da ja-in-ja, hukuncin kuwa bai fi minti uku ba. A rubuta da boko ko da ajami, duk wanda magatakarda ya fi ƙwarewa a kai.

Na huɗu, a rufe kowane zama da maimaita abin da aka yanke, a naɗe shi daban a gajeriyar murya. Shugaban zama ya faɗi adadi, da irin ma'aunin, da irin kuɗin, da ranar biya, da wanda zai ɗauki asara in an rufe iyaka kaya suna hanya. A faɗa da kowane harshe da ake bukata, kowa ya amsa da bakinsa cewa ya ji ya yarda. Wannan gajeriyar muryar ce za a tura wa kowa, kuma ita za a fara nema ranar gardama.

Na biyar, kada a bar murya a waya ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da hannu ya bushe. A ajiye a wurin mutum uku aƙalla, in cinikin ya haɗa ɓangarorin iyaka biyu a tabbatar akwai kwafi a kowane ɓangare, a kuma juye a memori a adana tare da littafin.

Na shida, kuma wannan magana ce ta amana, kada a naɗi kowa a ɓoye. A sanar kafin a danna, wanda bai yarda ba a saurari dalilinsa. A lokacin yaƙi irin wannan, da ake iya karɓar wayar matafiyi a duba a shingen hanya, wajibi ne a tsaya kan maganar ciniki kawai muddin waya tana ɗauka. Zancen siyasa, da na wane yana da kuɗi kaza, da ranar da mota za ta tashi da hanyar da za ta bi, duk a bar su sai an kashe. Haka kuma wanda ya yanko rabin maganar ɗan'uwansa ya watsa a zaure don ya kunyata shi, ƙungiya ta ɗauke shi a matsayin wanda ya ci amana.

Idan kuma saɓani ya riga ya auku a kan tsohuwar murya marar suna, shawararmu ga masu sulhu ita ce su daina tambayar "wace rana ce?" Su keɓe kowa shi kaɗai su tambaye shi: su wa suke wurin, wa ya zauna kusa da wa, kafin Sallah ne ko bayanta, an fara girbi ko ba a fara ba, nawa ake canjin bir a ranar, wa ya kira ka a waya ana cikin zaman. Daga amsoshin za a iya ƙuntata lokacin zuwa mako ɗaya ko biyu, sannan a duba jerin kiran waya, da saƙonni, da shaidar tura kuɗi ta Bankak, a gano ranar. In an samu muryar, a saurare ta daga farko har ƙarshe a gaban kowa, kuma wanda ta nuna ya yi kuskure kada a kira shi maƙaryaci.

Muna kuma kira ga hukumomin jihar Gadarif da jami'an kwastan da na iyaka, duk lokacin da suka zauna da wakilan 'yan kasuwa kan haraji ko ƙa'idar shigo da kaya, su fitar da takaitaccen bayanin abin da aka yanke a rubuce, da sa hannu, a liƙa a inda kowa zai gani. Jami'i ana yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ba ya aiki da "an ce."

A ƙarshe muna tunatar da 'yan'uwa cewa naɗar murya ba ta ɗauke wa kowa rubuta bashi da kafa shaidu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka. Gallabat gari ne da mutanen yamma masu bin hanyar Hajji suka raya kasuwarsa tun kafin a ja iyakar da muke gani yau, kuma da amana suka raya ta. Littafi guda da minti biyar a ƙarshen kowane zama ba su kai kuɗin buhu ɗaya da za a yi asara a gardama ba, balle zumuncin shekara ashirin. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya kawo mana zaman lafiya a ɓangarorin iyakar biyu.